Ina Ya Kamata A Gina Ofishin Gwamnati?

Kowane manomi ya san bambancin gonar bayan gida da gonar daji. Mai gonar bayan gida, da ya yi sallar asuba sai ya saɓa fartanya, kafin rana ta yi zafi ya ci rabin aiki. Mai gonar daji kuwa, kafin ya kai ya gaji. Ƙarfin da zai yi noma da shi ya ƙare a hanya. In hadari ya taso, shi ne ya ke fara barin aiki, don kada ruwa ya tare shi a rafi.

To, ma'aikacin Gwamnati ma haka ya ke. Ofis shi ne gonarsa. In ofis yana kusa da gidansa, zai zo da wuri, ya yi aiki da ƙarfinsa. In yana nesa, zai zo a makare, a gajiye, ya kuma ƙosa ya tashi. Saboda haka zaɓen wurin da za a gina ofis ba ƙaramin abu ba ne.

Watakila wani zai ce, "Mu mutanen ƙauye, ina ruwanmu da wannan?" Lalle da ruwanmu. Da kuɗin jama'a a ke gina ofis. 'Ya'yanmu ne akawuna da masinjoji da direbobi da masu shara a cikinsa. Mu ne kuma mu ke sammako mu tafi neman takarda, mu tarar da kujera ba kowa, a ce mana, "Malam bai iso ba tukuna." Mu zauna a gindin itace har hantsi ya wuce, aikin gona yana jiranmu.

Yadda A Ke Yi A Da

Mutanen da sun san wannan magana. Ku dubi birnin Kano. Gidan Rumfa, watau fadar Sarki, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ke zaune a cikinsa, shi kuwa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Masallacin Juma'a yana dab da fada. Kasuwar Kurmi ba ta da nisa. Fadawa da malamai da alƙalai duk gidajensu suna cikin ganuwa. Mai zuwa fada da ƙafa ya ke zuwa, ko bisa doki. Ba wanda ya ke ɓata rabin yini a hanya.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, ba su zauna cikin birni ba. Suka kafa barikinsu a waje, wajen Nasarawa, suka gina ofisoshinsu a can. A 1917 aka yi doka cewa a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta sauran mutane, kada a gina kome a ciki. Akawuna suna kwana a birni ko a Sabon Gari, da safe su hau keke zuwa ofis. A lokacin nisan bai dami kowa ba, gama garuruwa ba su yi girma ba. Amma daga nan ne aka soma raba wurin aiki da wurin kwana.

Abin Da Ya Faru A Ikko

Ikko, watau Legas, ita ce babban birnin Nijeriya sa'ad da aka sami mulkin kai a 1960. Manyan ofisoshin Gwamnati suna kan tsibiri, ruwa ya kewaye shi. Yawancin ma'aikata kuwa ba su iya biyan haya a tsibirin ba. Suna kwana a ƙetaren ruwa, a kan tudu. Kowace safiya dubban mutane su nufi wuri guda, ga shi gada biyu kaɗai ce ta haɗa tsibirin da tudu. Ta uku, mai tsawon kusan kilomita 12, ba a gama ta ba sai 1990.

Ku tuna da garken shanu a bakin ƙofar gari da magariba. Kowace saniya tana son shiga, ƙofa kuwa ɗaya ce. Haka motoci su ke yi a bakin gada. Cunkoso ya yi yawa, har a 1977 aka raba motoci kashi biyu bisa ga lambarsu, kashi ɗaya su shiga yau, ɗaya kashin gobe. Masu hali suka sayi mota ta biyu, suna shiga kullum. Dabarar ba ta warkar da ciwon ba, don ba a taɓa tushensa ba. Tushen ciwon shi ne, aiki yana nan, gida yana can.

Gwamnatin Jihar Legas ta ga haka. A 1976 aka mai da hedkwatar jihar Ikeja, a kan tudu, aka gina mata sakatariya a Alausa. Sakatariya ita ce babban gini inda a ke tara ofisoshi da yawa wuri guda. Ma'aikatan jihar suka huta da haye gada.

Labarin Abuja

Gwamnatin Tarayya ita ma ta nemi mafita. A 1975 Janar Murtala Muhammed ya naɗa kwamiti, Mai Shari'a Akinola Aguda ne shugabansa, aka ce su duba ko Ikko ta dace ta ci gaba da zama babban birni. Suka ce a tashi. A watan Fabrairu na 1976 aka yi doka, aka yanki ƙasa a tsakiyar Nijeriya don gina sabon birni. Aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin Abuja kuwa ya koma Suleja. Ran 12 ga Disamba, 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, Gwamnati ta tare a can.

Wurin ya yi kyau ta fuska da yawa. Yana tsakiyar ƙasa, mutumin Sakkwato da na Kalaba kowa yana iya zuwa. Ga fili, ga hanyoyi masu faɗi. Aka gina Sakatariyar Tarayya a tsakiyar birnin, kusa da Majalisar Dokoki. Aka yi unguwanni kamar su Garki da Wuse da Maitama da Asokoro.

Amma ku ji abin da ya biyo baya. Mutane suka yi ta kwararowa, fiye da gidajen da aka tanada. Haya a cikin birni ta yi tsada, ƙaramin ma'aikaci ba ya iya taɓa ta. A 2003 kuma Gwamnati ta sāke tsari, ta daina ba ma'aikata gidan zama, sai dai ta ƙara musu kuɗin haya a cikin albashi. Daga baya aka sayar da gidajen Gwamnati. Wanda ya sami saye ya huta. Wanda aka ɗauka aiki bayan haka, sai ya nemi ɗaki inda aljihunsa ya kai.

Ina ne aljihun ya kai? Nyanya, da Karu, da Kubwa, da Lugbe, da Gwagwalada. Waɗansu ma sun fita daga yankin Abuja ɗungum, suna Mararaba cikin Jihar Nasarawa, ko Suleja cikin Jihar Neja. Daga Kubwa zuwa tsakiyar birni ya fi kilomita 20. Daga Gwagwalada ya fi kilomita 40. Masu zuwa daga Mararaba da Nyanya kuwa babbar hanya ɗaya su ke bi, hanyar Keffi. Da safe hannun shiga birni ya cika maƙil, hannun fita ba kowa. Da yamma sai abin ya juya.

An yi ƙoƙarin kawo sauƙi. A 2018 aka buɗe jirgin ƙasa na cikin gari, ya tsaya a 2020, aka sāke ta da shi a 2024. Amma layin da aka buɗe ya nufi filin jirgin sama ne da Kubwa, bai bi ta Nyanya da Mararaba ba.

Kun gani, an gudu daga cunkoson Ikko, an zo an sami wani a Abuja. Ba zaɓen garin ne kuskure ba. Kuskuren shi ne, an tara ofisoshi wuri guda, ba a tanadi isassun gidajen ƙananan ma'aikata kusa da su ba.

Mu Yi Lissafi

Ku ɗauko allo, mu auna asarar da nisa ya ke jawowa.

A ce akawu yana yin awa 2 a hanya da safe, awa 2 da yamma. Awa 4 ke nan a yini. A mako yana zuwa aiki kwana 5. Huɗu sau biyar, awa 20. A ce yana aiki mako 48 a shekara. Ashirin sau arba'in da takwas, awa 960. Yinin aiki awa 8 ne. In muka raba 960 da 8, za mu sami 120. Watau a shekara guda mutumin nan ya zubar da yinin aiki 120 a cikin mota. Bai yi wa Gwamnati aiki da su ba, bai yi wa iyalinsa ba.

Yanzu mu dubi kuɗi. A ce yana biyan naira 1,000 zuwa, naira 1,000 dawowa. Naira 2,000 ke nan a yini. In ya je aiki kwana 22 a wata, ya kashe naira 44,000. A 2024 an tsai da albashi mafi ƙanƙanta a kan naira 70,000 a wata. In muka ɗebe 44,000 daga 70,000, saura 26,000. Da wannan zai biya haya, ya sayi hatsi, ya sayi magani, ya kuma aiko wa tsofaffinsa a ƙauye. Yaya za a yi ya isa?

Wannan ba tatsuniya ba ce. A ƙarshen watan Mayu na 2023 Gwamnati ta janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500. Kuɗin mota ya bi ta. Har jihohin Kwara da Edo suka ce wa ma'aikatansu su riƙa zuwa ofis kwana 3 kaɗai a mako, don su rage kashe kuɗi. Wanda ofis ya ke kusa da gidansa, abin bai buge shi kamar na nesa ba.

Asarar ba ta tsaya a kan awa da naira ba. Uban da ya fita tun duhu, ya dawo bayan lisha, yaushe zai ga 'ya'yansa? Mace mai goyo, yaya za ta yi da jariri? Ga haɗarin hanya, ga hayaƙin mota. Kuma ma'aikacin da albashinsa ya ƙare a tasha, shi ne Shaiɗan ya ke raɗa wa ya nemi na goro a hannun talaka. Ashe nisan ofis har aljihunmu ya ke taɓawa.

Tsakiya Ba Kullum Ce Ta Fi Ba

Mutane da yawa suna tsammani in za a yi adalci, sai a gina ofis a tsakiya. Mu gwada mu gani.

A ce akwai unguwa uku a kan hanya ɗaya, ta gabas, da ta tsakiya, da ta yamma. Tsakanin kowace da mai bi mata kilomita 10 ne. Ma'aikata 100 ne za su yi aiki a ofishin. Daga cikinsu 60 suna gabas, 30 suna tsakiya, 10 suna yamma.

In aka gina a tsakiya, mutum 60 na gabas kowa zai yi kilomita 10, watau 600. Mutum 10 na yamma su ma kowa 10, watau 100. Jimla kilomita 700 kowace safiya.

In aka gina a gabas, mutum 30 na tsakiya kowa zai yi kilomita 10, watau 300. Mutum 10 na yamma kowa zai yi 20, watau 200. Jimla kilomita 500.

In aka gina a yamma, mutum 60 kowa zai yi 20, watau 1,200. Mutum 30 kowa 10, watau 300. Jimla kilomita 1,500.

Kun ga gabas ta fi sauƙi, gama can jama'a ta fi yawa. Yamma kuwa ta ninka ta sau uku. Watakila a yamma ne fili ya fi araha, ko kuwa wani babban mutum ne ya ke da gida a can. In aka bi wannan, an jawo wa mutum 90 wahala saboda mutum 10. Darasin shi ne, ba ƙasa a ke aunawa ba kawai, mutane a ke ƙidayawa. Su kuma goman nan na yamma ba za a manta da su ba, sai a nema musu mota ko gida a kusa.

Abubuwan Da Za A Duba

Kafin a sa harsashi, ya kamata masu shawara su yi wa kansu tambayoyi shida.

1. Ina ma'aikata su ke kwana? A bi su ɗaya ɗaya a rubuta. Kada a tambayi manya kaɗai, gama manya suna da motoci. A tambayi masinja da mai gadi da mai shara.

2. Ina masu zuwa neman biyan bukata su ke fitowa? Ofishin da talakawa su ke zuwa kullum, kamar na haraji, ko na fili, ko na fansho, ya kamata ya zama kusa da kasuwa da tasha. Tsoho mai karɓar fansho ba ya iya doguwar tafiya.

3. Wace hanya ce ta ke kai wa wurin? Hanya ɗaya ce ko da yawa? Motar haya tana bi? Da damina tana yankewa? Kilomita 5 a kan hanya mai kyau ya fi kilomita 2 da rafi a tsakani. Saboda haka ba nisa kaɗai a ke aunawa ba, har da lokaci da kuɗin mota.

4. Akwai gidajen haya masu sauƙi a kusa? In babu, akwai filin da za a gina su? Ofis da gidajen ma'aikata tare ya kamata su tashi, da ruwan sha, da makaranta, da asibiti. Da aka cire Jihar Jigawa daga Kano a 1991, aka mai da Dutse hedkwata, garin ƙarami ne a lokacin, gidaje ba su isa ba. Ma'aikata da yawa suka bar iyalinsu a Kano, suna ta kai da kawowa.

5. Tilas ne duk ofisoshi su taru wuri guda? A da tilas ne, don masinja ne ya ke yawo da takardu daga tebur zuwa tebur. Yanzu akwai waya da kwamfuta, saƙo yana isa nan da nan. Ofishin da ba ya hulɗa da jama'a kullum, ana iya kai shi unguwar da ma'aikata suka fi yawa. In an yi haka, waɗansu za su je aiki da ƙafa, waɗansu kuma su bi hannun hanyar da ba kowa da safe. Amma a yi hankali. Ofisoshin da aikinsu ya ke haɗe kada a raba su. In mai neman takardar fili zai sa hannu a gabas, ya biya kuɗi a yamma, an sauke wa ma'aikaci kaya ne an ɗora wa talaka.

6. Yaya garin zai zama nan da shekara 20 ko 30? Gari yana girma kamar yaro. A duba wajen da ya ke miƙewa, a bar fili don ƙari.

Akwai tarko guda da a kan faɗa ciki, shi ne arahar fili. A kan ce, "Ga daji can kyauta, mu je mu gina." Gaskiya ne an rage kuɗi ranar farko. Amma fili sau ɗaya a ke sayensa, kuɗin mota kuwa kullum a ke biya, shekara da shekaru. Araha ba ta ado. Gini kuma ba rumfa ba ne da za a tuge a matsa gaba. In an kafa shi, ya kafu ke nan har jikoki.

Namu Aikin

Wannan magana ba ta manyan birane kaɗai ba ce. Nijeriya tana da jihohi 36 tun 1996, da ƙananan hukumomi 774. Kowace tana da sakatariya. Ban da su ga ɗakin shan magani, ga makaranta, ga ofishin malamin gona, ga kotu. Irin waɗannan a ƙasarmu a ke gina su, sau da yawa kuma mu a ke tambaya mu ba da fili.

In dagaci ko mai unguwa ya tara mu don shawara, kada mu yi shiru. Kada kuma mu nuna wani fako can bayan gari don dai ba mai nomansa. Mu tambaya, wa zai yi aiki a ciki, ina zai kwana? Wa zai riƙa zuwa, ta wace hanya? Mu ƙidaya gidajen kowane ƙauye, mu yi lissafi irin wanda muka yi ɗazu. Wanda ya iya karatu da lissafi yana iya tsayawa gaban kansila ya nuna masa a rubuce, cikin ladabi. In malamin asibiti ko malamin makaranta baƙo ne, mu taimake shi ya sami ɗaki a cikin gari. In yana kwana a cikinmu, ko da tsakad dare ciwo ya tashi, ƙofarsa za mu ƙwanƙwasa. In yana kwana a birni, sai mu jira motar safe.

Hausawa sun ce, tun ran gini ran zane. Ranar da a ke zaɓen fili ita ce ranar magana, ba ranar da aka buga kwano ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka ta da babban birnin Nijeriya daga Ikko, kuma a wace shekara Gwamnati ta tare a Abuja?

2. Faɗi garuruwa uku da ma'aikatan Abuja su ke kwana a cikinsu.

3. In mutum yana yin awa 3 a hanya kowace rana, awa nawa ke nan a kwana 5?

4. A cikin lissafin unguwa uku, me ya sa gabas ta fi tsakiya sauƙi?

5. Wane ofishin Gwamnati ne ya fi kusa da ƙauyenku? Ina ma'aikatansa su ke kwana, kuma da me su ke zuwa aiki?